Santiago Cajal: Yaron da aka kai koyon wanzanci, ya gano yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa

Yana ɗan shekara 11 aka kulle shi na 'yan kwanaki, saboda ya ƙera igwa da hannunsa ya fasa ƙofar gidan maƙwabcinsu. Wannan yaron shi ne Santiago Ramón y Cajal, mutumin da yau ake kallo a matsayin uban ilimin ƙwaƙwalwa na zamani.

An haife shi ranar 1 ga Mayu, 1852, a ƙauyen Petilla de Aragón da ke arewacin Sifaniya. Mahaifinsa likita ne mai tsauri, shi kuwa yaron ba abin da yake so sai zane. Da makaranta ta gagara, uban ya kai shi wurin wanzami, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalma. Dabarar da ta yi aiki ita ce ta 1868, lokacin da ya riƙa tafiya da shi tsofaffin maƙabartu suna ɗebo ƙasusuwa, yaron yana zana su. Daga nan ya karkata ga likitanci, ya kammala a Jami'ar Zaragoza a 1873.

Ya yi aikin likitan soja a Kuba, ya dawo gida da zazzaɓin cizon sauro ya rame. A 1877 ya sayi madubin duba ƙananan halittu da kuɗin aljihunsa.

A wancan zamani manyan masana sun ɗauka cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke gaba ɗaya kamar komar kamun kifi, babu farko babu ƙarshe. Jagoran wannan ra'ayi shi ne Camillo Golgi na Italiya, wanda a 1873 ya ƙirƙiro wani rini mai sinadarin azurfa da ke baƙanta ƙwayoyin jijiya ƙalilan, ya bar sauran. Cajal ya fara ganin rinin a 1887 a Madrid, a shekarar da ya koma koyarwa a Barcelona. Ya gyara shi, sannan ya yi wayo: ya bar ƙwaƙwalwar manyan dabbobi da ta cunkushe, ya koma kan ɗan tsakon da ke cikin ƙwai da jariran dabbobi, inda jijiyoyi ba su gama yaɗo ba. Abin da ya gani shi ne kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi. Tana kusantar 'yar'uwarta, amma ba sa narkewa su zama ɗaya.

Da yake da Sifaniyanci yake rubutu, kusan babu wanda ya kula. A 1889 ya kwashi gilasansa ya tafi taron masana a Berlin, ya jawo shahararren malami Albert von Kölliker ya leƙa madubin da idonsa. Kölliker ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci don ya karanta ayyukansa.

Wani abin da ya gano a 1890 ya fi wannan ban mamaki. A bakin jijiyar da ke tsiro ya ga wani ɗan kumburi mai 'yan yatsu, kamar kan yaɗon kabewa da ke laluben abin kamawa. Daga matattun yankakkun nama kawai, ya yi hasashen cewa wannan baki motsi yake yi, kuma a 1892 ya ce wasu sinadarai ne ke jan sa zuwa inda zai haɗu da wata ƙwaya. Wurin haɗuwar ne Charles Sherrington na Ingila ya raɗa wa suna sinafs a 1897.

Sai bayan kusan shekara 100 aka kama irin waɗannan sinadarai, kamar netirin da aka gano a 1994. Yadda jijiya ke amsa kiransu kuwa ya danganta da gyaran da ake yi wa furotin bayan an ƙera shi. Wasu ƙwayoyin aiki da ake kira kaines suna liƙa wa furotin ɗan guntun sinadarin fosfet, wasu kuma suna cire shi, sai furotin ɗin ya kunna ko ya mutu kamar makunnin fitila. Da haka bakin jijiya ke juyawa dama ko hagu, da haka kuma mahaɗa ke ƙarfi ko rauni. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun samu kyautar Nobel a 1992 kan wannan makunni, Paul Greengard kuma a 2000 kan aikinsa a ƙwaƙwalwa. Cajal bai san fosfet na wannan aiki ba, amma tun 1894 ya faɗa a Landan cewa koyo yana iya zama ƙarfafar mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya.

A 1906 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Golgi. Abin bai yi daɗi ba: Golgi ya yi amfani da jawabinsa a Stockholm wajen sukar ra'ayin abokin rabonsa, alhali da rininsa aka kayar da nasa ra'ayin.

Cajal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82. Shekara guda kafin nan yana ta rubutun kare ra'ayinsa, domin har lokacin akwai masu ja. Ɗan gibin da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta bai bayyana ga idon ɗan'adam ba sai a shekarun 1950, da aka samu madubi mai aiki da ilektiron.