Malam Sa'adu Zungur: Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe da wuya a ga makaɗi ko mawaƙin baka da ba shi da ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa yake da Sarkin Gobir na Isa. Makaɗin dambe yana da ɗan dambensa, makaɗin noma yana da gwarzon manominsa. Ubangida shi ne ci, shi ne sha, shi ne riga da doki, shi kuma mawaƙi ya wasa shi, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ba a sa ran irin wannan mawaƙi ya dubi tsabar idon ubangidansa ya ce masa ya yi kuskure.

Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwar wani ɗan birnin Bauchi wanda ya yi waƙa ba don a ba shi ba, wato marigayi Malam Sa'adu Zungur. Za a dubi tasowarsa da gwagwarmayarsa da waƙoƙinsa, sannan a kwatanta tafarkinsa da na wasu mawaƙan bijirewa da suka bayyana a ƙasashen duniya bayan rasuwarsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Sa'adu a birnin Bauchi a wajejen 1914, shekara goma sha biyu ke nan bayan Turawa sun ci garin a 1902. Gidansu gidan malamai ne da limamai, don haka da allo ya buɗe ido. Ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihu da nahawu da lugga tun yana ƙarami. Wannan tushe shi ne ya ba shi ƙarfin gwiwar ja da malamai da alƙalai daga baya, domin duk littafin da za su janyo hujja daga cikinsa shi ma ya karanta shi.

An sa shi makarantar boko a Bauchi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1929, makarantar da ta yaye mafi yawan 'yan bokon Arewa na farko, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. A 1934 ya tafi babbar kwalejin Yaba da ke Legas, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Bai daɗe a can ba ya dawo Arewa, ya shiga fannin kiwon lafiya da tsafta a Kano, har ya zama malami mai koyarwa, daga bisani aka mai da shi Zariya. A Zariya ne ya fara tara 'yan boko suna tattauna halin da ƙasa take ciki, abin da hukumomin lokacin ba su yi maraba da shi ba. A nan ne kuma ciwon huhu ya kama shi, ciwon da ya tilasta masa barin aiki ya koma gida Bauchi, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Majalisar Taɗi ta Bauchi

Komawarsa gida ta zo daidai da zuwan wani matashin malami makarantar Midil ta Bauchi a 1942, wato Malam Aminu Kano. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma a wannan makaranta yake koyarwa. Daga 1943 waɗannan mutane da wasu ma'aikatan En'e suka riƙa haɗuwa a wani zama da aka sani da Majalisar Taɗi ta Bauchi, ana kawo batu a yi muhawara a kansa, har da jami'an Turawa a wurin. A wannan tsakani kuma aka kafa ƙungiyar neman ci gaban Bauchi da ake taƙaita sunanta da BGIU, wadda masana tarihi suke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin zamanin da ake ciki. Turawa suna mulki ta hannun sarakuna. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari ma na En'e ne. Talaka ba ya tambayar inda harajinsa ya tafi. A cikin wannan hali ne aka tayar da tambaya a zauren taɗin game da ma'aunin da ake bi wajen yanke wa sarki albashi. A yau tambayar ba ta kai a ɗaga kai ba, amma a Bauchin zamanin Sarki Yakubu na Uku tamkar taɓa wutsiyar zaki ce. Zaman bai yi tsawon rai ba, sai dai ya riga ya koya wa matasa cewa ana iya yi wa mai mulki tambaya a bainar jama'a.

Shigarsa Siyasa

Malam Sa'adu ya riƙa aika rubuce-rubuce zuwa jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ya koma Legas da zama, a lokacin da 'yan Arewa ƙalilan ne suke kusantar siyasar Kudu. A 1949 ya halarci taron kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, aka ba shi muƙamin mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Wannan ƙungiya ce daga baya ta rikiɗa ta zama NPC.

Zamansa a Legas ya nuna masa abu biyu. Na farko, ya ga nisan tazarar da Kudu ta ba Arewa a ilimin zamani. Na biyu, ya ga yadda wasu 'yan siyasar Kudu suke kallon Arewa da raini. Ya dawo gida bai gamsu da su ba, bai kuma gamsu da masu riƙe da Arewa ba. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ra'ayinsa ya karkata gare ta, ya zama ɗaya daga cikin masu ba ta fasaha da hujja, duk da cewa rashin lafiya ya hana shi yawon taro kamar sauran. Shi kansa Malam Aminu Kano ya ɗauke shi a matsayin malaminsa a siyasa.

Waƙoƙinsa

Rubutacciyar waƙa mai faɗakarwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u duk sun yi waƙoƙin wa'azi ba don neman abin hannun kowa ba. Abin da Malam Sa'adu ya yi shi ne ya ɗauko wannan gado, da karinsa da amsa-amonsa da buɗewa da yabon Ubangiji, ya fuskantar da shi ga siyasar zamaninsa da masu mulkin da suke raye suna jin sa.

A Waƙar Bidi'a ya soki al'adun da aka cusa cikin addini har jama'a suka ɗauka ibada ce. A Maraba da Soja ya yi wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu barka da zuwa, waɗanda da yawansu suka yi yaƙi a Bama, amma bai tsaya ga barka ba, sai da ya nuna cewa 'yancin da ya bar mutane cikin fatara da zalunci suna ne kawai.

Bakandamiyarsa ita ce Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda ya tsara a wajejen 1950, mai amsa-amon harafin ya. Sau da yawa ana ɗauka cewa waƙar kira ce ga rushe sarauta, alhali ba haka ba ne. Gargaɗi ce ga sarakuna su gyara mulkinsu, su yi adalci, su buɗe ƙofar ilimi, tun kafin guguwar zamani ta tafi da rawunansu, Arewa kuma ta wayi gari a ƙarƙashin waɗanda suka riga ta karatu. Bai bar talakawa ma ba. Ya jero cututtukan da yake ganin za su kunyata Arewa, irin su bara da karuwanci da shan giya da ɓarnatar da dukiya ga maroƙa. Waƙar ta tayar da muhawara har cikin abokan tafiyarsa, domin Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da tasa waƙar mai suna Arewa Jumhuriya Kawai.

Irin waɗannan waƙoƙi ba a kan takarda kaɗai suka rayu ba. Rera su ake yi da murya, ba ganga ba kalangu, ɗalibi ya kwafa da hannu ya ba ɗan'uwansa, wanda bai iya karatu ba ya hardace daga bakin wanda ya iya. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka bi wannan hanya a dandalin taro, a zamanin da kotunan En'e suke ɗaure 'yan jam'iyyar suna yi musu bulala.

Takwarorinsa a Wata Duniya

Mai nazarin adabi zai amfana in ya san cewa waƙar da ta ƙi ubangida ba ta Hausa kaɗai ba ce. A tsakiyar shekarun 1970 wani salon kiɗa da ake kira pank ya ɓulla a biranen New York da Landan, kiɗa mai sauri da hayaniya, gajerun waƙoƙi, kalmomi kuma tsirara ba sakayawa. Matasan da suka fara shi ba su jira sun ƙware a jita ba, ba su kuma jira manyan kamfanonin faifai sun yarda da su ba. A 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Manchesta ta buga faifanta na farko da kuɗin da ta harhaɗa da kanta. A shekarar ce kuma Sex Pistols suka saki waƙar da ta taɓa Sarauniyar Ingila daidai lokacin bikin cikarta shekara 25 a kan gado, gidan rediyon BBC ya ƙi sa ta.

Daga baya wani reshe mafi zafi da sauri, wanda ake kira hadko, ya tsiro a Amurka ta hannun ƙungiyoyi irin su Black Flag da Minor Threat da Bad Brains, ita wannan ta ƙarshe ta baƙaƙen fata ce. Suna buga faifansu da kansu, suna yaɗa labarinsu a 'yan mujallun da ake gurzawa a injin kwafi, kaset kuma yana yawo hannu da hannu. Salon ya kai har Afirka ta Kudu, inda aka kafa National Wake a 1978, baƙaƙe da farare a ƙungiya ɗaya cikin tsakiyar mulkin wariyar launin fata. A 2011 'yan sanda a lardin Aceh na Indonesiya sun kama matasa fiye da 60 a wajen wani wasan pank suka aske musu kai.

Ba ana nufin Malam Sa'adu ɗan pank ba ne. Malami ne mai kiyaye arulin waƙa, mai kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi, kuma da ya ga shigar waɗancan matasa da ya sa su cikin jerin abin da yake suka. Inda suka yi tarayya shi ne wurare uku: ba wanda ya biya su su yi waƙar, ba su bi ta ƙofar hukuma wajen isar da ita ga jama'a ba, kuma sun ambaci mai iko da abin da ba ya son ji. Akwai ma wani kamanci na huɗu. A 1981 Minor Threat suka fito da wata waƙa da ta haifar da tafarkin matasa masu ƙaurace wa giya da ƙwaya, bisa ganin cewa wanda maye ya bautar ba zai iya ja da kowa ba. Malam Sa'adu ya riga su hango haka da shekara talatin, domin a wurinsa gyaran mulki da gyaran hali tagwaye ne.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Malam Sa'adu ya ƙare shekarunsa na ƙarshe a Bauchi cikin jinya, yana rubutu yana karɓar masu zuwa neman shawara. Bai riƙe sarauta ba, bai zama minista ba, bai tara dukiya ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 28 ga Janairu, 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai, 'yan watanni bayan abokin muhawararsa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957. Bai ga mulkin kan Arewa na 1959 ba, bai ga 'yancin Nijeriya na 1960 ba.

Amma abin da ya yi gargaɗi a kansa ya auku. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa a kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya taimaka wajen shigar da su manhajar makarantu. A yau jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau sunansa take ɗauke da shi.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe yawanci muna haɗuwa da Malam Sa'adu ne a ɗakin jarrabawa, ana tambayarmu jigo da zubi da salon sarrafa harshe. Wannan ba laifi ba ne, sai dai yana iya mantar da mu cewa baitocin da muke yi wa fiɗa a kan allo a da sai mai ƙarfin zuciya yake rera su a fili. A duk kakar zaɓe muna jin mawaƙa suna kwana a gidan wannan ɗan takara su wayi gari a gidan wancan, wanda ya fi ba da mota shi ne gwarzo. Ubangida bai mutu ba, riga kawai ya sauya. Da yawa daga cikinmu marubuta waƙa ne, wasu kuma za su zama. Kafin mutum ya ɗora alƙalami, yana da kyau ya tambayi kansa wa zai biya shi, kuma mene ne biyan zai hana shi faɗa.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, Ya kai haske kabarinsa, amin.