SEMELWAIS, LIKITAN DA YA SA A WANKE HANNU

Ɗan'uwana mai karatu, ko ka taɓa ganin wannan a garinku? Mace ta haihu lafiya, an yi guɗa, ana shirin suna. Rana ta biyu ko ta uku sai zazzaɓi ya rufe ta, mara ta ɗauki ciwo, ciki ya kumbura. Kafin ranar suna an kai ta kushewa, jinjiri ya zama maraya. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce maita. Wannan ciwo sunansa zazzaɓin jego. Zauna ka ji labarin mutumin da ya gano hanyar da yake bi.

Sunansa Ignas Semelwais. An haife shi ran 1 ga Yuli, 1818, a birnin Buda, a ƙasar Hungari cikin Turai. Ubansa mai kanti ne, shi ne kuwa na biyar cikin ƴaƴa goma. A 1837 ya tafi Biyana, babban birnin Ostiriya, domin ya koyi shari'a, amma ya sake shawara ya koma ga aikin likita. Ya gama a 1844. A watan Yuli na 1846 aka ba shi aikin mataimaki a wurin haihuwa na babban asibitin Biyana, ƙarƙashin wani shehun malami, Yohan Kilain.

SASHE BIYU

Wurin haihuwan nan sashe biyu ne. A na fari ake koya wa ɗaliban likita aiki, a na biyu kuwa ake koya wa ungozomomi. Matan talakawa ne ke zuwa, ana karɓarsu bi da bi, yau a wannan sashe, gobe a wancan. Amma ka ji abin mamaki. Daga 1841 zuwa 1846, mata 20,042 suka haihu a sashen likitoci, 1,989 suka mutu. A sashen ungozomomi 17,791 suka haihu, 691 suka mutu. Wato a hannun likitoci kusan 10 cikin 100, a hannun ungozomomi kusan 4.

Mutanen gari sun san da haka. Mace takan durƙusa tana kuka, tana roƙo kada a kai ta sashen fari. Waɗansu suka haihu a kan hanya kafin su iso, sai ga shi su ba su cika kamuwa da zazzaɓin ba.

Likitocin zamanin suna cewa mugunyar iska ce ke kawo ciwon. Semelwais ya duba, ya ga rufi ɗaya ne, iska ɗaya, abinci ɗaya. Aka ce cunkoso ne, amma sashen ungozomomi ya fi cika. Aka ce tsoro ne, domin fada yakan ratsa ɗakin da ƙararrawa in zai je wurin mai bakin mutuwa. Semelwais ya roƙe shi ya sake hanya, ya bar kaɗa ƙararrawa. Mutuwa ba ta ragu ba. Ya ga ungozomomi suna kwantar da mai naƙuda a gefe, shi ma ya sa a yi haka. Duk a banza. Haka ya riƙa ɗaukar dalilai ɗaya ɗaya, yana gwadawa da lissafi, yana yarwa.

MUTUWAR ABOKI

A watan Maris na 1847 ya tafi hutawa birnin Benis. Da ya komo ya tarar abokinsa, likita Yakob Kolechka, ya rasu. Kolechka yana feɗe gawa tare da ɗalibai, gama haka likitoci ke koyon cikin jikin mutum, sai wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa. Yankan ya ruɓe, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu. Semelwais ya karanta abin da aka gani a cikin gawar abokinsa, ya ga daidai yake da abin da yake gani a gawar masu jego: kumburi da mugunya ko'ina.

Nan idonsa ya buɗe. Kolechka namiji ne, bai haihu ba, amma ciwon ɗaya ne. Abin da ya kashe shi daga gawa ya fito, ya shiga ta wurin yanka. To, mace da ta haihu, mahaifarta kamar ɗanyen rauni take. Likitoci da ɗalibai kuwa sukan fara da ɗakin gawa da safe, sa'an nan su wuce wurin masu naƙuda su duba su da hannu, warin gawa bai ko bar yatsunsu ba. Ungozomomi ba su feɗe gawa. Ashe hannun mai magani ne ke ɗauke da mutuwa.

Ka tuna, shi kansa yana cikin masu yawan feɗe gawa, don neman sanin ciwon nan. Bai ɓoye ba. Daga baya ya rubuta a littafinsa cewa mata da yawa sun tafi kabari ta hannunsa, bai kuwa san iyakarsu ba.

A tsakiyar Mayu na 1847 ya ajiye kwano a bakin ƙofa, da ruwa mai kulorin, dangin ruwan jabel da ake wanke tufafi da shi. Ya kafa doka, duk wanda ya fito ɗakin gawa sai ya goge hannu a ciki har warin ya ɓace. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 suka mutu a sashen. A Yuni suka koma 2, a Yuli 1. A watan Oktoba aka duba wata mace mai ciwon daji a mahaifa yana zubar da ruwa, sa'an nan aka duba mata 12 bayanta, 11 suka mutu. Daga nan ya gane ruɓa daga jikin mai rai ma tana kisa, sai ya sa a wanke hannu tsakanin mace da mace. A 1848 aka yi wata biyu, Maris da Agusta, ba a rasa mace ko ɗaya ba.

AN ƘI SHI

Za ka ce ai sai a yi masa godiya. Ina! Manyan likitoci da yawa suka ji haushi, gama maganarsa tana nufin su ne suka kashe matan. Ga shi kuma ba ya iya nuna musu abin da ke manne a hannu, domin a lokacin ba a tabbatar ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwo ba. A 1849 Kilain ya ƙi sabunta masa aiki. A 1850 ya bar Biyana ya koma ƙasarsu.

A birnin Pest ya karɓi wurin haihuwa na asibitin Rokus a 1851, ba albashi. Cikin shekarun da ya yi can, mata 933 suka haihu, 8 kaɗai zazzaɓin jego ya kashe. A 1855 ya zama shehun malami a jami'ar Pest, a 1857 ya yi aure.

Sai dai shi ma yana da nasa laifi, ba zan ɓoye maka ba. Ya yi jinkirin rubutu ƙwarai, babban littafinsa bai fito ba sai 1861. Da aka soki littafin, sai fushi ya ci ƙarfinsa, ya shiga rubuta wa manyan likitoci wasiƙu a fili yana kiransu masu kisankai. Zagin ya sa waɗanda da za su saurara suka toshe kunne.

A 1865 hankalinsa ya soma rikicewa. A ƙarshen Yuli aka lallashe shi zuwa Biyana, aka sa shi a gidan masu taɓin hankali. Da ya nemi fita, masu gadi suka doke shi. Wani rauni a hannunsa na dama ya ruɓe, dafin ya shiga jini, irin ciwon da ya yi ta yaƙi da shi. Ya rasu ran 13 ga Agusta, 1865, yana da shekara 47. Mutane ƙalilan ne suka je jana'izarsa.

Kwana ɗaya kafin rasuwarsa, a birnin Gilasgo, wani likita Josef Lista ya fara sa maganin kashe ƙwayoyi a raunin wani yaro da ya karye a ƙafa, yaron kuwa ya warke. A 1879 Luwi Pastur na Faransa ya nuna ƙwayar cutar a jikin masu zazzaɓin jego. Gaskiyar Semelwais ta fito bayan ransa. Tun 1969 jami'ar likitoci ta Budapest take ɗauke da sunansa.

ME YA SHAFE MU?

Wataƙila ka ce yanzu ai akwai allura da kafso. Gaskiya ne. A 1928 Aleksanda Filemin ya gano penisilin, ya kuwa ceci rayuka masu yawa. Amma tun 1945 shi kansa ya yi kashedi: in an sha magani kaɗan, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Raunanan su mutu, masu taurin kai su ragu su hayayyafa, sa'an nan hannu ya kai su jikin wani. Masu bincike sun ƙidaya, a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma bisa ga yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi ci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar a asibiti, 15 sukan kamu da wata cuta a can.

Saboda haka, maigida, ranar da naƙuda ta zo gidanka, ka tanadi sabulu da sabuwar reza da zare mai tsabta, in kuwa da hali ka kai ta wurin haihuwa. Ke inna ungozoma, ki yanke farce, ki wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a zuba miki ruwa daga buta, kada a yi tarayya a kwano ɗaya. In mai jego ta yi zazzaɓi, ko ciwon mara, ko abin da ke fita ya yi wari, a kai ta asibiti ran nan, kada a jira suna.

Ke ƴar'uwa mai jinya a asibiti, ki wanke hannu kafin ki taɓa majinyacinki, da bayan kin taɓa shi. Kada ki sa hannu a rauni ko a wurin ƙarin ruwa. Kai kuma ɗan'uwa, ka bar sayen kafso biyu a tiren mai talla a kasuwa. Abin da likita ya rubuta shi za ka sha, yadda ya faɗa, har iyakar kwanakin da ya yanka.

In ka gama karanta takardan nan, ka karanta wa matan gidanku da ungozomar unguwarku, tun kafin wata ta durƙusa.