Amy Carmichael, Uwar Yaran Dohnavur

A darasin da ya wuce mun karanta labarin Eli firist cikin littafin Samu'ila na Fari, sura 2 da ta 3. Mun ga yadda labarin muguntar 'ya'yansa ya kai kunnensa, har da abin da su ke yi da matan da ke hidima a bakin ƙofar alfarwa, amma ya tsaya ga faɗan baki kawai, bai raba su da aikin ba. Yau za mu duba rayuwar wata mace wadda ita ma magana irin wannan ta zo kunnenta, daga bakin wata 'yar ƙaramar yarinya. Ƙasar da abin ya faru tana da nisa ƙwarai da Kafanchan da Kagoro da Kwoi, amma duk wanda ya taɓa zama cikin shawarar dattawan ekklesiya zai gane maganar.

An haifi Amy Carmichael ran 16 ga Disamba, 1867, a wani ƙauye mai suna Millisle a arewacin Ailan. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta yana da injin niƙa, amma cinikinsa ya lalace, ya rasu a shekara ta 1885. A birnin Belfast ta fara tara 'yan matan da ke aiki a masaƙu, matalauta waɗanda ba su da kuɗin sayen hula irin ta matan gari, sai su rufe kai da mayafi. Waɗansu masu bi ba su ji daɗin ganinsu cikin majami'a ba. Ita kuwa ba ta kula ba, har 'yan matan suka yi yawa, aka gina musu ɗakin taro na kwano mai ɗaukar mutum 500. A 1893 ta tafi Japan, amma ciwo ya fitar da ita bayan wata 15. A watan Nuwamba na 1895 ta sauka Indiya, ba ta kuwa ƙara ganin ƙasarsu ba har mutuwarta.

Ta koyi harshen Tamil, ta ɗauki tufafi irin na matan ƙasar, ta shiga yawon wa'azi ƙauye ƙauye tare da waɗansu mata masu bi a lardin Tinnevelly, can kudu, a ƙarƙashin kulawar wani mai bishara, Thomas Walker. A zatonta wannan ne aikinta har iyakar ranta.

A zamanin nan akwai wata al'ada a waɗansu haikalai na kudancin Indiya, watau a keɓe yarinya tun tana ƙarama, a ce an aurar da ita ga allahn haikalin. A kan koya mata rawa da waƙa, amma da yawa daga cikinsu ƙarshensu shi ne su zama abin wasan maza masu hali. Talauci ne ya kan sa iyaye su ba da 'ya, ko wa'adin da aka yi a lokacin ciwo, ko mutuwar miji. Abin yana da rigar addini, saboda haka mutane su kan kau da ido.

A watan Maris na 1901 wata yarinya mai shekara bakwai, sunanta Preena, ta gudu daga gidan matan haikali. Ba gudunta na fari ke nan ba. Da can ta taɓa tserewa, ta yi tafiya mai nisa har ta kai wurin uwarta, amma tsoro ya kama uwar, ta mayar da ita. Horon da aka yi mata shi ne aka ƙona hannuwanta da ƙarfe mai zafi. A gudu na biyu, da magariba, wata mace mai bi ta same ta kusa da majami'ar ƙauyen Pannaivilai. Matar nan ba babbar kowa ba ce, ba ta da wani matsayi cikin ekklesiya. Ta ga dare ya yi, ta kwana da yarinyar a ɗakinta, da gari ya waye ta kai ta wurin Amy. Mu kan tuna da Amy, mu manta da wannan mace. Da ta ce ba ruwanta da 'yar mutane, ko kuwa ta ji tsoron rigima ta mayar da ita kamar yadda uwar ta yi, da labarin nan ya ƙare a daren.

Matan haikali suka biyo sawu da taron mutane. Yarinyar ta tsaya a gabansu ta ƙi binsu, Amy kuwa ba ta miƙa ta ba. Bayan ƙura ta lafa, Preena ta riƙa ba da labarin abin da ta gani a gidan can, kaɗan kaɗan, yadda yara su kan yi. Amy ta saurara, ta gaskata ta. Ba ta ce da ita ta rufe baki domin maganar ta fi ƙarfinta ba.

Amma gaskatawa ba ta sa ta yi gaggawar yayata magana ba. Shekara uku ta yi tana bincike a hankali, ita da abokan aikinta 'yan ƙasar, musamman wata gwauruwa mai suna Ponnammal. Su kan kwana a masaukin matafiya, su saurari hirar mutane, su rubuta abin da suka tabbatar. Waɗansu Turawan mishan suka ce tatsuniya ce, ai sun daɗe a ƙasar ba su ga irin wannan ba. Littafinta mai suna Things as They Are, watau al'amura yadda su ke, ya sha wuya kafin ya fito a 1903. Da fari an komo mata da rubutun, aka ce ya cika karya zuciya, ta ƙara masa labarin nasara domin masu ba da taimako a Ingila su ji daɗi. Ta ƙi sāke ko ɗaya. Bayan ya fito, har waɗansu suka yi shawarar a nemi a mayar da ita gida. Abin lura shi ne, masu son ta yi shiru ɗin nan 'yan'uwanta ne cikin bangaskiya, dalilinsu kuwa shi ne kada sunan aikin ya ɓaci. Dalilin nan bai tsufa ba, har yau a kan ji shi a bakin mutanen kirki.

A 1904 aka fara kawo mata jarirai. Na farin ba su rayu ba, annoba kuma ta kashe waɗansu bayan haka. Amy ta bar yawon wa'azi ta zauna a Dohnavur tana wankin tsumma da raino, abin da waɗansu suka ga ƙasƙanci ne ga mai bishara. Yaran suka sa mata suna Amma, watau uwa. Daga 1918 aka fara karɓar yara maza su ma.

Shari'ar da ta fi ba ta wahala ita ce ta Muttammal, yarinya mai shekara 12 wadda ubanta ya rasu ya bar mata dukiya. Danginta suna so su aurar da ita ga wani nasu domin dukiyar ta zauna a hannunsu. Ta zo wurin Amy a 1909, aka yi ta kai da kawowa a kotu har 1911, sa'an nan alƙali ya yanke a mayar da ita. Kafin ranar ta zo, wata baƙuwar gidan ta sa mata tufafin namiji ta fitar da ita, aka bi da ita ta Silon har ƙasar Sin, ta yi shekara shida a can. A nan sai mu yi hattara. Abin da aka yi ya saɓa wa hukuncin kotu, an kuwa yi shi ne a zamanin da doka ba ta tsaya wa irin yaran nan ba. Sai a 1947 majalisar Madras ta hana keɓe 'yan mata ga haikali, bayan doguwar fama da 'yan ƙasar da kansu suka yi, a kan gabansu kuwa wata likita, Muthulakshmi Reddy.

Mu ba mu cikin wannan matsi. Tun 2003 Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin yara, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. An buɗe cibiyar Salama a babban asibitin Kafanchan domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai 'yan sanda, akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a. Yarinyar ƙungiyar mawaƙa, ko yaron makarantar Lahadi, ko 'yar da aka ɗauko daga ƙauye domin aikin gida, ko marayan da tashin hankali ya kora daga garinsu, idan ɗayansu ya buɗe baki ya faɗi abin da wani babba ya yi masa, aikin wanda ya ji shi ne ya saurara, ya raba yaron da wurin haɗari, ya rubuta abin da aka faɗa masa daidai, ya kai ga shugabannin da aka ɗora wa wannan nawaya da kuma hukuma. Ko wanda ake tuhuma fasto ne ko dattijo, ko shi ne ya sayi kwanon rufin majami'a, duk ɗaya ne. Horon ekklesiya yana da wurinsa, amma sa mutum a bencin baya wata shida ba ya share laifin da doka ta hana, sulhun da a kan yi a ɓoye tsakanin iyalai kuma ya kan bar yaro na biyu cikin hannun mutumin nan. Sai a karanta Matta 18 daga aya 1 zuwa 14, da Ezekiyel 34, a auna.

A watan Oktoba na 1931 Amy ta je duba wani gida a garin Kalakadu da almuru, ta faɗa cikin ramin da ma'aikata suka haƙa, ta karye a ƙafa, bayanta kuma ya taɓu. Kusan shekara 20 da suka rage mata a ɗaki ta yi su, yawanci a kwance, tana rubuta littattafai, yara suna shigowa gaishe ta. Preena ta girma a gidan, ta zama ɗaya daga cikin masu rainon na bayanta. Yaran da suka sami mafaka a Dohnavur a zamanin Amy sun fi dubu.

Ta rasu ran 18 ga Janairu, 1951, tana da shekara 83. Ta riga ta roƙa kada a kafa dutse a kabarinta. Yaranta suka ajiye kwanon shan ruwan tsuntsaye a wurin, aka rubuta Amma a jikinsa.