Ronald Norrish: Masanin da ya haska abin da ke ɓacewa kafin ƙiftawar ido

A sararin samaniya akwai wasu gutsattsarin sinadarai da masana ke kira radikal. Ana samun su ne idan hasken rana ya tsinka ƙwayar wani sinadari, ya bar gutsuren da elektron guda marar abokin zama. Irin wannan gutsure ba ya daɗewa, domin nan take yake afka wa abin da ke kusa da shi. Masana sun daɗe suna hasashen aikinsa, amma bin sawunsa ya gagare su. Ronald George Wreyford Norrish na cikin waɗanda suka warware wannan matsala.

An haifi Norrish a birnin Cambridge na ƙasar Ingila ranar 9 ga Nuwamba, 1897. Ya samu gurbin karatu a Kwalejin Emmanuel a 1915, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa hanzari. Ya shiga rundunar masu harba igwa, aka tura shi Faransa, kuma a 1918 Jamusawa suka kama shi fursunan yaƙi. Da ya komo gida a 1919 ya ci gaba da karatu, har ya zama farfesa a Jami'ar Cambridge a 1937, muƙamin da ya riƙe zuwa 1965.

Fagen bincikensa shi ne yadda haske ke sauya sinadarai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani matashi mai suna George Porter, wanda ya yi aikin na'urar rada a rundunar sojin ruwa, ya zo karatu a ƙarƙashinsa. Wajen 1949 suka ƙirƙiro dabarar tsinka sinadari da walƙiya. Za a cika bututu da iskar da ake son nazari, a haska ta da fitila mai tsananin ƙarfi na ɗan lokaci ƙanƙani, sai radikal su samu da yawa a lokaci guda. Fitila ta biyu kuma ta biyo baya, a ɗauki hoton launukan hasken da gutsattsarin suka shanye. Idan aka riƙa sauya tazarar da ke tsakanin walƙiyoyin biyu, sai a auna saurin ɓacewarsu.

Cikin radikal na farko da aka gani ta wannan hanya akwai haɗin kilorin da oksijin. Norrish da ɗalibansa sun kuma nazarci yadda haske ke tsinka iskar ozon. A lokacin, aikin bai wuce sha'awar masana ba. A 1967 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Porter da Bajamushen nan Manfred Eigen.

Amfanin aikin ya fito fili a 1974, lokacin da Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa iskar da ake sa wa firji da gwangwanin feshi tana hawa sama ta saki kilorin, shi kuma ya riƙa cinye ozon ɗin da ke kare halittu daga hasken rana mai cutarwa. Wancan gutsure na kilorin da oksijin yana tsakiyar wannan ɓarna, kuma hujjar masanan ta dogara ne kan awon da aka yi a ɗakunan gwaje-gwaje.

Norrish ya rasu a Cambridge ranar 7 ga Yuni, 1978, shekara bakwai kafin a bayyana ramin ozon a saman Antaktika. A 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal ta rage waɗannan sinadarai, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Dokokin da jami'an Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke aiwatarwa a yau kan iskar firji suna da tushe a irin binciken da ya share wa fage.