Cicely Saunders: Matar da ta koma karatun likita domin a saurare ta

A yau likita a Ingila ko Amurka zai iya ƙwarewa a fannin kula da marasa lafiyar da cutarsu ta gagari magani, ya zauna jarrabawa, a ba shi takardar shaida kamar yadda ake ba wa likitan zuciya ko na ƙashi. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce babu wannan fanni. Idan likitoci suka tabbatar cewa majinyaci ba zai tashi ba, sukan mayar da hankali kan waɗanda ake sa ran warkewarsu, shi kuwa a bar shi da raɗaɗinsa a can ƙarshen ɗaki. Wadda ta fi kowa sauya wannan hali ita ce Cicely Saunders.

An haife ta ranar 22 ga Yuni, 1918, a Barnet da ke arewacin Landan, a gidan masu hali. Ta shiga Jami'ar Oxford a 1938 don karatun siyasa da falsafa da tattalin arziki, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ta bar jami'a ta koma koyon aikin jinya a Asibitin St Thomas. Ciwon baya ya hana ta ci gaba da wannan aiki. Ta koma Oxford ta kammala digirinta, a 1947 kuma ta zama jami'ar walwalar marasa lafiya, wato mai duba halin rayuwarsu da na iyalansu.

A wannan aikin ta haɗu da David Tasma, Bayahude ɗan ƙasar Poland mai aikin kai abinci a wani gidan cin abinci a Landan, wanda ciwon daji ya ci ƙarfinsa yana ɗan shekara 40, ba shi da dangi kusa. Ta yi ta ziyartarsa suna tattauna irin wurin da ya dace da mutum a kwanakinsa na ƙarshe. Da ya rasu a 1948 ya bar mata fam 500, da wasiyyar cewa kuɗin su zama taga a gidan da za ta gina. Sai bayan shekara 19 aka gina gidan.

Cikin waɗannan shekaru ne aka yi abin da ya fi ɗaukar hankali a rayuwarta. Tana aikin sa-kai da yamma a gidan jinya na St Luke, inda ta ga ma'aikatan jinya suna ba da maganin kashe raɗaɗi a kan lokaci, ba sa jira sai majinyaci ya yi kuka. Ta gane cewa hanya ce mai kyau, amma wa zai saurari jami'ar walwala a kan maganar magani? Wani likitan tiyata da take yi wa aiki, Norman Barrett, ya gaya mata gaskiya: likitoci ne ke juya wa masu mutuwa baya, kuma ba za su ɗauki gyara daga wanda ba ɗan uwansu ba. Sai ta shiga makarantar likitanci a 1951, tana da shekara 33, ta zauna aji ɗaya da ƙannenta, ta fito a 1957. Duk wanda ya taɓa rubuta shawara mai kyau a fayil ya ga ta kwanta saboda ƙarancin muƙaminsa, zai fahimci lissafin da ta yi.

Daga 1958 ta yi shekara bakwai a gidan jinya na St Joseph da ke Hackney, wanda wasu mata masu hidimar cocin Katolika ke gudanarwa. A nan ta tattara bayanan majinyata sama da 1,000, har tana naɗar muryoyinsu a rikoda. Abin da ta nuna bai da wuyar faɗi: idan aka ba da mofin ta baki a kan ƙa'ida, bayan kowace awa huɗu, gwargwadon abin da jiki ke buƙata, raɗaɗin ba ya samun damar dawowa, majinyaci kuma yana cikin hayyacinsa, yana magana da iyalinsa. A lokacin likitoci na tsoron kada majinyaci ya kamu da jarabar maganin, don haka suke riƙe shi har sai wahala ta kai maƙura. Bayananta sun raunana wannan tsoro. Ta kuma kawo ra'ayin da ta kira raɗaɗi na gaba ɗaya, wato ciwon jiki haɗe da fargaba da damuwar iyali da bashi da tambayoyin ruhi, waɗanda allura kaɗai ba ta kai musu.

A 1967 aka buɗe gidan jinya na St Christopher a Sydenham, kudancin Landan, da gadaje 54, aka kuma sa tagar Tasma a bakin shiga. Akwai gidajen masu mutuwa tun kafin nan, amma wannan ne ya fara haɗa jinya da koyarwa da bincike a ƙarƙashin rufi ɗaya. A 1969 ma'aikatansa suka fara bin marasa lafiya har gida. Florence Wald, shugabar makarantar jinya ta Jami'ar Yale, ta koyi tsarin a wurinta ta kafa irinsa na farko a Amurka a 1974. Balfour Mount ya kai shi Montreal a Kanada, inda ya shigar da shi cikin babban asibiti.

Saunders mace ce mai tsayuwa kan ra'ayinta, kuma Kirista mai riƙo da addini, ko da yake ƙofar gidanta a buɗe take ga mabiya kowane addini. Ta yi adawa da dokar da za ta ba likita damar kawo ƙarshen ran majinyaci, tana ganin cewa galibin masu roƙon haka raɗaɗi da kaɗaici ne suka kai su. Ba ta yi aure ba sai a 1980, lokacin da ta auri Marian Bohusz-Szyszko, mai zane ɗan Poland, wanda shi ma ya rasu a St Christopher a 1995.

A 1987 Birtaniya ta amince da wannan aiki a matsayin fanni mai zaman kansa a likitanci, da nasa horon da nasa ƙwararrun, shekara 30 cif bayan Saunders ta karɓi tata takardar. Ta rasu ranar 14 ga Yuli, 2005, tana da shekara 87, sakamakon ciwon daji, a gidan da ta gina. Shekara guda bayan haka majalisar da ke tantance ƙwarewar likitoci a Amurka ta amince da fannin, aka kuma zauna jarrabawarsa ta farko a ƙarƙashinta a 2008.