Audu Bako

Audu Bako (1924–1980) ɗan sandan Najeriya ne, kuma shi ne gwamnan farko na Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975. An fi tunawa da shi saboda madatsun ruwan da ya gina, musamman ta Tiga, wadda manoman rani na Kura da Bunkure ke dogaro da ita har yau.

Farkon rayuwa

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ke aiki. Ya yi makarantar Midil ta Zariya, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Janar Yakubu Gowon ne ya naɗa shi gwamna lokacin da aka ƙirƙiro jihohi 12.

Fari da noman rani

Mulkinsa ya zo daidai da raguwar ruwan sama a yankin Sahel. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona, ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a arewacin Kano. Daga baya masana suka danganta wani ɓangare na wannan fari da ɗumamar teku da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wato manomin da bai da ko injin ban ruwa shi ya ɗanɗana kuɗar hayaƙin wasu.

An fara ginin Tiga a kan kogin Kano a 1971, aka kammala a 1974. An gina ta ne don ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ruwan na gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa Bunkure, Kadawa da Kura, ba tare da injin mai shan man fetur ba. Manomin da a da yake zaman jiran damina sai ya koma noma alkama, tumatir da shinkafa da rani. Yau Kura na cikin manyan wuraren sarrafa shinkafa a Arewa.

Sai dai aikin bai zo wa kowa da alheri ba. An tashi ƙauyuka daga wurin da ruwa ya mamaye, kuma ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai, abin da ya taɓa masunta da makiyaya.

Ƙarshen rayuwa

An sauke shi bayan juyin mulkin Murtala Muhammed a watan Yulin 1975, ya koma noma. Gidan zoo na Kano, sakatariyar jiha da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta duk suna ɗauke da sunansa.