EMIL RU, MUTUMIN DA YA GANO DAFIN MASHAƘO

'Yan'uwa, kusan babu gida a Gangare ko Unguwar Rogo da ba shi da dangi a Kano. Shi ya sa da annobar mashaƙo ta ɓarke can a ƙarshen 2022, mu ma a nan Jos hankalinmu ya tashi. To, bari mu kawo muku tarihin wanda ya tona asirin wannan cuta.

An haifi Emil Ru a garin Confolens na ƙasar Faransa a 1853. A 1878 ya shiga aiki da shahararren masanin nan Luwi Fasto. Da shi aka gwada rigakafin cutar saifa ta dabbobi a 1881, cutar da makiyayanmu ke neman allurarta a Vom.

A zamaninsa mashaƙo na ta kwasar yara. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, ƙwayar cutar a maƙogwaro take zama, amma sai zuciya ta lalace. A 1888 Ru da abokin aikinsa Yarsan suka tace ruwan da suka raini ƙwayoyin a ciki, suka yi wa ƙananan dabbobi allurarsa. Babu ƙwaya ko ɗaya a ruwan, amma dabbobin suka mutu. Ashe dafi take sakewa ya bi jini.

Bajamushe Berin ne ya fara gano makarin dafin, shi kuwa Ru ya samar da shi da yawa daga jinin dawaki. A 1894 ya yi wa yara 300 magani a birnin Faris, mace-mace suka ragu da kusan rabi. Ya shugabanci Cibiyar Fasto daga 1904, a can ne kuma Ramon ya kashe ƙarfin dafin ya mai da shi rigakafi a 1923. Ru ya rasu a 1933.

Sai a 1951 Firiman ya gano a Amurka cewa ƙwayar ba gadon dafin ta yi ba. Wata ƙwayar bairos ce ke shiga cikinta da ƙwayar gado mai umartar a haɗa dafin, shi kuma ya hana ƙwayoyin jikinmu ƙera furotin har su mutu.

Magani dai an samo shi tun tuni, saura namu. Iyaye, a duba katin yara, a tabbata sun karɓi allurar Penta sau uku. Allah ya tsare mana zuri'a.